Mai Alawar Auduga a Bayan Shingen Kwano

Tun kafin a buga ƙusa ko ɗaya nake ɗauke da fargabar. Duk safiyar da na turo injinmu cikin wurin wasan yaran nan na Fatakwal, sai idona ya kai kan dokunan lilo, na ga yadda fentinsu yake ɓarewa, na ce a raina, wata rana masu wurin nan za su ga abin da nake gani, kuma ranar da suka tashi gyara mu masu talla za a fara kwashewa. Idan na faɗa wa Mama Saratu, wadda ta koya mini sana'a, sai ta ce, "Maman Hafsa, ke kullum sai kin nemo abin da zai hana ki cin abinci. Kunna wutarki, ga yara can sun fara shigowa."

Alawar auduga nake yi. 'Yan matan gidanmu a unguwar Mile 2 Diobu sun raina ta ƙwarai. Suna gani ina wanke kwanon injin da yamma sai su ce, "Anti, ai wannan ba aiki ba ne, zuba sukari ne da juya tsinke." To, ku nake so ku fara karanta wannan.

Injin babban kwano ne na alminiyam, ya kai bahon wanki. A tsakiyarsa akwai wani ɗan kai mai ƙananan huji, ƙarƙashin kan wutar gas, batirin mota kuma yana juya shi. Za ki zuba sukari da 'yar kala a cikin kan, zafi ya narkar da shi, juyin ya feso shi ta hujin nan, ya fito siriri kamar saƙar gizo-gizo. A baki ke nan. Amma idan wuta ta yi yawa, sukarin zai ƙone, ya yi ɗaci, ya riƙa tartsatsin ɗigo mai zafi a hannunki, ga tabo nan a damtsena har yau. Idan kuma wutar ta yi kaɗan, ɗanyen sukari zai riƙa watso miki a ido kamar yashi. Babu wani agogo a jikin injin da zai gaya miki. Da hanci ake ganewa, da kunne. Idan ya yi daidai akwai wani ƙamshi da yake tashi, ƙarar kan kuma sai ta yi laushi.

Ta farko da na yi da hannuna ba zan manta da ita ba. Na daɗe ina bin Mama Saratu ba ta bari na taɓa tsinke, aikina kankare busasshen sukari daga jikin kwano da ɗaukar tukunyar gas. Ita 'yar kudancin Kaduna ce, gidanmu ɗaya a Diobu, ita ta roƙi maigidana ya bar ni na riƙa bin ta tunda shi yana fita da kekensa tun asuba. Ranar da ta miƙo mini tsinke, wata yarinya ce a tsaye da mahaifinta. Na zura tsinken, na hau juya hannuna gaba ɗaya kamar mai tuƙa tuwo. Audugar ta ƙi kama tsinken, ta tashi sama, ta naɗe mini hijabi da gira da hanci. Yarinyar ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Mama ba ta yi dariya ba. Ta karɓi tsinken ta goga shi a jiƙaƙƙen tsumma, ta ce, "Ɗan danshi yake so kafin ya kama. Kuma yatsu ne suke juyawa, hannu binsu kawai yake yi. Sannan ki ɗaure bakin hijabin nan ta baya, ba na son na kai wa mijinki gawayi." Ranar har gida ƙudaje suka raka ni.

Abu na biyu da ta koya mini shi ne iskar garin nan. A Arewa na ga masu wannan sana'a suna ƙullawa a leda su rataya, su yi yawo da ita wuni guda. A Fatakwal ba ki isa ba. Iskar a jiƙe take ko da rana ta take. Ki yi alawa ta kai girman kan mutum, ki juya ki gyara goyo, kafin ki waigo ta koma kamar dunƙulen hannun jariri, tana hawaye ja. Shi ya sa ba ma yi mu ajiye. Sai mai saye ya tsaya a gabanki za ki yi. Kuma dole ki samu rufi a kanki, ki yi nesa da duk abin da yake feshin ruwa.

Na uku kuwa, wanda ba a ganinsa a jikin inji, shi ne wurin tsayawa. Mu a bakin ƙofar fita daga lilon dokuna muke, ba ta shiga ba. Na taɓa tambayar Mama me ya sa ba za mu koma wajen layin shiga ba, inda mutane suka fi yawa. Ta ce na tsaya na kalla. Yaron da yake layin shiga idonsa yana kan doki, ko nama kika nuna masa ba zai gani ba. Amma idan lilo ya tsaya aka sauko da shi, ba ya son sauka. Zai sandare, ya kwanta a ƙasa, ya fasa ihu. Uwar ta gaji, uban yana jin kunyar mutane. Suna ɗaga kai sai su ga gajimare ja yana girma a kan tsinke. Ba na kiran kowa. Ina jin ƙarar lilo ta fara raguwa nake zuba sukari. Mama ta ce mini, "Mu da kukan yaro muke cin abinci, Allah Ya yafe mana."

To, abin da nake tsoro ya zo. Wata Litinin aka tara mu aka ce za a rufe wurin a sake masa fasali gaba ɗaya, kowa ya kwashe kayansa. Kafin mako ya zagayo an zagaye shi da shingen kwano mai tsayi. Muka koma bakin titi wajen babbar ƙofa, ni da Mama Saratu, da Baba Ɗan'azumi mai tsire wanda shi ne babbanmu, da masu guguru da balan-balan.

Shekarar ba ta yi daɗi ba. Wa zai kawo yaro bakin shinge? Na gwada ƙofar makarantu, malamai suka kore ni, wai ina ɓata wa yara haƙora. An taɓa kirana bikin zagayowar haihuwar wani yaro, na yi murna, na je aka ajiye ni a tsakar gida babu rumfa, ina kunna wuta yayyafi ya sauko. Yara sun yi layi, ni kuma ina miƙa musu tsinke da wani abu ja a maƙale kamar cingam. Uwar yaron ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai ta yi, kuma ba a sake kirana unguwar ba. Mama Saratu gwiwa ta matsa mata, ta tattara ta koma wajen ɗanta a Inugu, ta bar mini injin. Hafsa ta isa shiga makaranta, ga na goye. Kullum tunanina ɗaya ne: idan aka buɗe wurin nan, ina za a ajiye ni?

Ana cikin haka na lura da wasu mutane. Duk Asabar sai su zo, manya ne ba yara ba, wasu har da furfura. Su faka motoci, su bi jikin shingen suna neman huji. Wani ya durƙusa ya liƙa ido a inda ƙusa ta fita, wani ya hau kan dutse ya ɗaga waya sama yana ɗauka. Da farko na zaci ma'aikatan gwamnati ne. Ashe masoyan wurin ne kawai, a nan suka yi wasa suna yara. Ni ban taɓa sanin babban mutum zai iya son wurin wasa haka ba. Har ƙungiya gare su a waya, suna tura hotunan rami da tarin rodi suna musu a kai.

Biyu daga cikinsu suka zama 'yan cinikina. Oga Boma, wani dogo mai tumbi da ke aiki a tashar jirgin ruwa, shi ne mai ɗaukar bidiyo yana magana shi kaɗai. Sai Anti Ngozi, malamar asibiti, wadda ta je ƙasashen waje ta ga irin nasu. Da Turancin buroka suke yi, ni kuma zaman Diobu ya koya mini shi. Kullum a gaban injina suke faɗansu, kowa da tsinkensa a hannu.

"Idan suka taɓa dokunan nan," in ji Oga Boma, "ni da wurin nan har abada. Akwai wani fari mai karyayyen kunne, a kansa babana ya fara ɗora ni."

"Shi ya sa kunnen ya karye," in ji Anti Ngozi. "Boma, dokunan nan sun girme ka. Ka bar su su huta. A yi mana wurin sulu na ruwa, a kawo irin jirgin nan da yake juya mutum kai ƙasa."

"Kai ƙasa? A garin da wuta take ɗaukewa? Ki tsaya a sama kamar jemage har a tayar da janareto?"

"Matsoraci!"

"Na yarda. Hajiya, ƙaro mata alawa ko bakinta ya rufu."

Ni dai ina juya tsinke ina saurare, domin duk abin da suka faɗa a kan dokunan nan, a kan tukunyata suke magana ba su sani ba.

Wata Asabar Oga Boma ya ji ana Hausa a bayan shinge, ya zo da gudu. "Hajiya, mutanenki ne suke aikin ciki! Zo ki tambayar mana." Na je na ƙwanƙwasa kwanon, na yi sallama. Wani lebura ya amsa, ya ce sunansa Sale, daga wani ƙauye ta wajen Haɗeja. Muka gaisa, na tambayi aiki, ya tambayi yara. Su kuma sun kewaye ni da wayoyi.

"Malam Sale, don Allah ramin nan da kuke haƙawa na mene ne?"

"Wallahi baiwar Allah, mu dai an ce mu haƙa."

"Zurfinsa fa?"

"Ya shanye ni har da hannuna a sama."

Na fassara musu. Nan take wuri ya kaure. Anti Ngozi ta ce wurin ruwa ne, Oga Boma ya ce gindin babban lilo ne, wani mai gilashi ya ce su duka ba su san komai ba, masai ne. Malam Sale yana ji daga ciki ya ce, "Wai faɗa suke yi?" Na ce a'a, son wurin ne. Sai ya ce, "Ikon Allah." Daga ranar na zama tafintarsu. Duk Asabar sai na kai wa Malam Sale tambaya, shi kuma ya ba ni abin da idonsa ya gani.

Da surutun masoyan nan ya yi yawa a waya, masu wurin suka sanar cewa za su saurari ra'ayin jama'a kafin su ci gaba, duk mai magana ya zo taro. Su Oga Boma suka shirya kamar masu zuwa kotu. Mu ma muka zauna a kan bencin Baba Ɗan'azumi, na ce, "Baba, mu ma mu je mu faɗi namu."

Ya girgiza kai. "'Yata, mu baƙi ne a garin nan. Ba za mu shiga cikin taro muna ɗaga murya a kan gidan mutane ba. Manaja za mu samu a ofishinsa, mu gaishe shi kamar yadda ake gaida manya."

Haka aka yi. Baba ya sa babbar riga, ya naɗe tsire mai kyau a takarda, muka bi shi mu kaɗan. Manajan ya karɓe mu hannu biyu. Baba ya tambayi lafiyarsa, da ta iyali, da gajiyar aiki, da ruwan sama. Ya yi addu'a Allah Ya sa a gama lafiya, Ya tsare ma'aikata daga faɗuwa. Ya ce mun ci arziki a wurin nan, ba mu da abin cewa sai godiya. Ina bayansa ina jiran ya kawo maganar wurin tsayawarmu. Manajan ya yi murmushi ya tambaya da buroka ko mun ji daɗi, "So una happy?" Baba ya ce, "We happy, sir." Sai ya miƙe, muka yi sallama.

A waje na ce, "Baba, ba ka faɗa ba!"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "A zuwan farko? Mutum ya ga kamar tsiren na sayen bakinsa ne? Yau gaisuwa. Mako mai zuwa mu koma da buƙata."

Ni ma a lokacin na ga gaskiyarsa, domin haka na taso na ga ana yi. Da muka koma, an riga an yi taron, an rufe karɓar ra'ayi. Manajan ya yi mamakin ganinmu. Ya ce ai mu ne mutanen da suka fi kowa sauƙi, da ƙafarmu muka zo muka ce komai ya yi mana, kuma haka ya gaya wa na sama da shi.

Su kuwa masoyan sun yi ta hayaniya a taron har sun samu abin da suke so. Za a bar dokunan, a sake musu fenti. Za a kuma yi wurin sulu na ruwa. Asabar ɗin Oga Boma har rawa ya taka a gaban injina. Anti Ngozi tana lasar alawa ta ce, "Kuma mun gaya musu a tattara masu talla wuri ɗaya, a yi musu rumfa. Da can ko'ina tsinke da leda, ƙazanta." Ba da mugunta ta faɗa ba, ina jin ta ma manta da ni ake. Kuma ba ƙarya ta yi ba, tsinkayena ne suke zube a ƙasa, na sha ganinsu.

Na je na ƙwanƙwasa wa Malam Sale. Wannan karon tambayar tawa ce. Ya ce e, suna zuba kankaren wata doguwar rumfa can ƙarshen fili, a bayan ramin nan da yanzu aka tabbatar na ruwa ne. Na ce tsakaninta da dokuna fa? Ya ce tafiya ce. Na ce da ruwan fa? Ya ce, "Jiya da aka gwada famfon, muna cikin rumfar muna cin abinci, sai da feshin ruwan ya tashe mu."

Na dawo na kasa kunna wuta. Oga Boma ya tambaye ni lafiya, na gaya masa komai, har da zuwanmu ofis. Ya buɗe baki. "Kun je har gabansa, kun gaishe shi, kun tafi? Gaisuwa kawai?" Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce zai ɗauke ni bidiyo. Na ce ban da fuskata. Ya ɗauki hannuna ina yin alawa, Anti Ngozi da kanta ta tsoma yatsu a ruwan roba ta yarfa daga nesa, suka ga yadda alawar ta shanye nan take.

Da yamma maigidana ya karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon. Nan ma sun rabu biyu. Wasu suka ce wurin wasa babu mai alawa a bakin dokuna ai ba wurin wasa ba ne. Wasu suka ce a'a, so suke ya zama kamar na Turai, tsaf-tsaf. Wata ta ce a ba ni kwandon shara kawai magana ta ƙare. Wani kuma ya rubuta dogon bayani a kan launin da ya kamata a yi wa farin dokin, bai ko ambace ni ba.

Baba Ɗan'azumi ne ya ce mu sake komawa. A hanya ya ce, "Maman Hafsa, yau ke za ki yi magana. Ni idan na buɗe baki gaisuwa ce za ta fito." Muna shiga, ko zama ban yi ba na ce, "Yallaɓai, ba mu ji daɗi ba. Alawata ba ta rayuwa kusa da ruwa, kuma ba a sayenta sai a bakin dokuna. Ɗan wuri nake roƙo mai rufi, zan zo da kwandon sharata." Ina jin Baba a bayana yana cewa a hankali, "Ko ina kwana babu."

Manajan ya saurara. Ya ce rumfa an riga an gina ta, kuma jama'a ne suka nema. Amma ba a gama shirya bakin dokuna ba. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, su abin da masu sayen tikiti suka nema suke bi. Idan masu zuwa suka nuna suna son mai alawa a wurin, za su duba.

A nan maganar take har yau. Shingen yana nan, an ce an kusa buɗewa. Ni ina bakin titi, ina goge kwanona kullum kada ya yi tsatsa.

Don haka ga roƙona, 'yan uwa na Diobu da duk wanda wannan ya isa gare shi. Idan aka buɗe kuka kai yaranku, kada ku gaida masu ƙofa ku wuce kawai. Ku tsaya ku ce musu kuna son a sa mai alawar auduga a bakin dokuna. Ku faɗa da ƙarfi yadda za su ji, kuma ku faɗa tun a zuwan farko.